Kwalejin Barewa: Makarantar da Ta Fara da Yaye Malamai

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Ina gaida iyayenmu maza da mata na Kazaure da Roni da Gwiwa, da na Babura har bakin iyaka, da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar da muryar wannan tasha ke riska. Malaman makaranta kuwa, ku matso kusa da rediyo, domin zancen yau naku ne.

Yau Zariya za mu nufa, amma sai mun ratsa ta Katsina da Kaduna kafin mu isa.

A unguwar Tukur-Tukur ta Zariya, a kan titin Gaskiya, akwai makarantar sakandare ta maza da ake kira Kwalejin Barewa. Ko wanda bai taɓa taka Zazzau ba ya san sunan. In an tashi yabonta, da shugabanni ake farawa: Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, Janar Yakubu Gowon, Janar Murtala Muhammad, Alhaji Shehu Shagari, Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mutum biyar da suka riƙe ragamar Najeriya, duk sun zauna a bencinta. A ƙara da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, da Malam Aminu Kano, da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai yawan ambaton manyan kujeru ya sa an mance dalilin kafa makarantar. Waɗanda suka gina ta ba su gina ta don yaye shugabannin ƙasa ba. Malaman makaranta suke nema. Kuma ni a ganina, sirrin Barewa yana nan, ba a wani wuri ba.

Bari mu koma baya kaɗan. Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Sun tarar da ƙasa cike da makarantun allo da zaurukan ilimi, amma suna bukatar ma'aikatan da suka iya boko da lissafin haraji. A 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda Hausawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nasarawa ta Kano. Daga nan aka yi ta buɗe makarantu a larduna. Sai tambaya ta taso: wa zai koyar? Turawan da ke aikin ilimi ba su da yawa. Kuma gwamnati ba ta son shigo da malaman mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda alkawarin da aka yi cewa ba za a taɓa addini ba, da kuma tsoron kada iyaye su ƙara gudun boko. Mafita ɗaya ta rage, a horar da 'ya'yan ƙasa su koyar da ƙannensu.

Haka aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, tushen Barewa ta yau, a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Gwamnan Najeriya na lokacin, Hugh Clifford, shi ya zo ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Ya bayyana dalilai biyu na zaɓen Katsina. Na farko, gari ne da aka daɗe da saninsa da ilimi da tsoron Allah, garin Gobarau, garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Na biyu, yana nesa da layin dogo da hayaniyar kasuwanci, don haka ɗalibi zai sami natsuwa. Wannan dalili na biyu yana da wata fuska da ya kamata mu sani. Turawa sun ga yadda 'yan bokon Ikko suka fara buɗe jaridu suna sukar mulkinsu, ba sa kuma son irin wannan iska ta kaɗa samarin Arewa. Za mu ji nan gaba ko dabarar ta ci.

Ginin kwalejin na ƙasa ne, irin ginin Hausa, magina na gida suka yi shi. Yana nan a Katsina har gobe. Tun 1959 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, kuma gidan adana kayan tarihi ne a yau. Daga nan yankinmu Katsina ba wata tafiya ba ce. Duk shugaban makarantar da ke da hali, ya ɗebi ɗalibansa ya kai su su gani da idonsu, domin gani ya kori ji. Za su ga cewa ɗakunan da suka yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa ba su fi azuzuwan ƙauyensu ƙawa ba.

To, yaya ake karatu a can?

Da farko, ba kowa ke shiga ba. Kowane lardi yana zaɓo 'yan ƙalilan daga cikin yaran da suka yi fice a makarantarsa ya tura. Ana ba kowane ɗalibi lamba bisa jerin shigowa. Ahmadu Bello, wanda ya shiga a 1926, lambarsa 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928, lambarsa 145. Ku auna wannan, jama'a. Daga Borno zuwa Sakkwato, daga Katsina zuwa Ilori, shekara bakwai ana ɗiba, ba a kai ɗalibi ɗari biyu ba. Malami ya san kowane yaro da sunansa, da garinsu, da inda yake tuntuɓe a karatu.

Shekara biyar ake yi. Ana koyar da Ingilishi, lissafi, tarihi, labarin ƙasa, Larabci da addini, da dabarun koyarwa. An fi matsa wa Ingilishi, musamman furuci. Yaro zai miƙe ya karanta da ƙarfi, a tsayar da shi, a gyara masa, ya maimaita har bakinsa ya faɗa. Muryar nan ta Tafawa Ɓalewa da ta sa duniya ta tsaya tana sauraro lokacin da ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, a ɗakin ƙasa na Katsina aka fara goge ta.

Amma ku lura da wani abu da ya shafe mu ƙwarai. Yaran nan ba da Ingilishi suka fara ba. Sun fara da makarantar allo, suka yi elementare da Hausa, suka iya karatu da rubutu da lissafi cikin harshen da suke tunani da shi, sannan aka ɗora musu Ingilishi a kai. Shi ya sa bai kore musu Hausa ba. A 1933, lokacin da Rupert East na ofishin fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, mutanen wannan kwaleji ne suka yi zarra. Abubakar Imam, tsohon ɗalibinta, ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Bello Kagara, malaminta, ya rubuta Ganɗoki. Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar. Littattafan da har yau ake karantawa a makarantunmu ke nan. Abubakar Imam ya zo ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ina faɗin haka ne saboda iyayen da suke ganin cewa in yaro ya iya Hausa da kyau to Ingilishinsa zai raunana, har wasu makarantu kan ci tarar yaro don ya yi magana da harshen uwarsa. Tarihin Katsina bai goyi bayan wannan tsoro ba. Yaron da ya iya karanta Hausa yana fahimtar abin da ya karanta, ya riga ya yi rabin tafiya. Wanda kuwa aka sa shi haddar kalmomin da bai san ma'anarsu ba, sai ya tashi ba Hausar ba Turancin.

Sai zaman tare. Makarantar kwana ce, malamai kuma suna nan kusa. Tarbiyya ba ta tsayawa in an kaɗa ƙararrawar tashi. Ɗalibai suna sa tufafinsu na gida, suna sallolinsu, manya suna kula da ƙanana. Da la'asar kowa ya fita fili. Akwai kurket, akwai wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda aka aro daga makarantar Eton ta Ingila. Sardauna ya riƙe wannan wasa har yana Firimiya, kuma ana buga shi a Katsina har yanzu. A filin wasa da ɗakin kwana ne Babarbare da Banufe da Bakano da Basakkwace suka san juna tun suna samari. Lokacin da siyasa ta zo, ba baƙin juna ba ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan Kwalejin Barewa ta Zariya, wadda ta faro daga Katsina a 1921. Yanzu ga inda nake so mu fi daɗewa. In ɗalibi ya gama, ina ake kai shi?

Aji ake mayar da shi. Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koma makarantar Midil ta Sakkwato ya kama alli, kafin a naɗa shi Sarkin Rabah a 1934. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa har ya zama hedimasta. Abubakar Imam ya koyar a Midil ta Katsina. Kashim Ibrahim, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, malami ne a Borno. Aliyu Makaman Bida hedimasta ne kafin ya zama ministan ilimi. Sulaimanu Barau ya koyar kafin ya hau sarautar Abuja a 1944. Isa Kaita na Katsina da Bello Dandago na Kano malamai ne, har lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ɗauke su zuwa birnin Akra na ƙasar Gana, wadda ake kira Gwalkwas a lokacin, suna watsa labarai da Hausa ta rediyo. Mu masu wannan sana'a, kakanninmu ne.

Na bayansu ma haka. Malam Aminu Kano ya gama a 1942 ya tafi koyarwa Bauci. Shehu Shagari ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya koyar a Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa. Wannan Midil ta Kano ita ce tsanin yaran lardin Kano, wanda Kazaure da Babura ke cikinsa a wancan zamani. Yaron da ya yi ƙwazo a elementare sai Midil, in ya sake yin fice sai kwaleji. Kun ga ke nan yaro daga yankinmu, in ya yi sa'ar shiga, yana iya zama a gaban malami irin Maitama Sule yana ɗaukar darasi.

Iyayena manoma, kun fi ni sanin wannan. In an yi girbi, zangarniyar da ta fi cika da ƙwari ita ake warewa a rataye a matsayin iri. Ba a surfa ta, ba a kai ta kasuwa, ko da yunwa ta matsa. Abin da tsarin Katsina ya yi ke nan. Ya ware mafi kyawun yaran ƙasa ya mai da su iri. Shugabancin da muke yabo a yau amfanin gona ne da ya biyo baya.

Dabarar Turawa ta killace samarin fa? Ba ta ci ba. Wanda ka koya wa karatu da tunani, ba kai za ka zaɓa masa abin da zai yi tunani a kai ba. Malam Sa'adu Zungur, tsohon ɗalibin Katsina, da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa sun haɗu a Bauci suna muhawara kan mulkin En'e da na Turawa. Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948. Jam'iyyar Mutanen Arewa da NEPU, abokan hamayya biyu da suka raba siyasar Arewa, in ka duba manyansu za ka tarar da yawa daga aji suka fito.

Ita kuwa makarantar ta yi ta ƙaura da sauya suna. A 1938 aka mai da ita Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. A 1949 ta ƙaura zuwa Zariya. A 1956 aka kira ta Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 ta sami sunan Barewa. A wannan tsakani ta tashi daga makarantar malamai zalla ta zama cikakkiyar sakandare, da ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya da jarrabawar Kambirij. Ƙofarta ta buɗe ga waɗanda ba Musulmi ba, kamar Yakubu Gowon da ya taso a Wusasa. Ta yaye hafsoshin soja irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Janar Hassan Usman Katsina, da masana irin su Farfesa Iya Abubakar na lissafi da Farfesa Jibril Aminu likitan zuciya. Ɗakunan kwananta suna ɗauke da sunayen tarihi, akwai na Ɗan Hausa, akwai na Bello Kagara, akwai na Sulaimanu Barau.

Kada wani ya ɗauka cewa yabo kawai na zo yi. Wannan tsari ya bar mana ciwo da har yanzu muke jinya.

Ƙarancin ɗiban nan da ya sa karatu ya yi inganci, shi ne kuma ya bar dubban yara masu basira a waje. Yawancin waɗanda aka tura da farko 'ya'yan sarakuna ne da na ma'aikatan En'e, ko da yake an sami 'ya'yan talakawa da ƙwazonsu ya kai su. An daɗe ba a ba kimiyya muhimmanci ba, an daɗe ba a buɗe musu hanyar jami'a ba. Likitan Arewa na farko, Dokta Barau Dikko, ba ta Katsina ya bi ba, ta makarantar mishan ta Wusasa ya bi, ya wuce Ikko, sannan Ingila. Da 'yancin kai ya zo a 1960, Arewa tana da shugabanni masu iya magana da riƙon amana, amma likitoci da injiniyoyinta ƙalilan ne.

Ciwo mafi zurfi shi ne na mata. Kwalejin Achimota da aka buɗe a Gana a 1927 ta karɓi maza da mata tun farko. A nan kuwa ba a yi wa 'ya'ya mata makamanciyar Katsina ba. Sakandaren gwamnati ta mata ta farko a Arewa, wato makarantar Sarauniya Elizabeth ta Ilori, sai a 1956 aka buɗe ta, shekara 35 bayan ta maza. Abin yana da zafi idan muka tuna cewa dabarar horar da malamai a tura su gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi haka tun kafin zuwan Bature. Takan koyar da mata malamai da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, su koma ƙauyuka su koyar da mata, abin da ake kira 'Yan Taru. Da an ɗora a kan wannan harsashi tun 1921, da labarin ilimin mata a ƙasar Hausa ya bambanta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu dawo gida yanzu.

A 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE. Niyya ce mai kyau, kuma ita ta buɗe wa 'ya'yan talakawa da yawa ƙofar da aka rufe wa iyayensu. Amma yara sun kwararo fiye da malaman da ake da su. Aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa don a cike azuzuwa. Daga baya aka rufe makarantun horon malamai na Giret Tu, aka ce takardar NCE ce mafi ƙaranci ga mai koyarwa. A takarda wannan ci gaba ne. Amma wa muke turawa ya yi NCE ɗin?

Ku duba abin da ake sanarwa bayan jarrabawar JAMB. A 2023 da 2024, mafi ƙarancin makin shiga jami'a 140 ne cikin 400. Na shiga kwalejin ilimi kuwa 100 ne. Wato ƙasa da kanta tana shelanta cewa wanda ya fi ƙarancin maki shi ya dace ya koyar da 'ya'yanmu. Mu ma a gida haka muke yi. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, sai likita ko lauya ko injiniya. Wanda ya nema bai samu ba, sai a ce, to, je ka yi NCE kafin Allah ya kawo wani abu. Mun juya tsarin Katsina baibai. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji, ta sanar cewa 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta gardama kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, amma babu wanda ya ji adadin bai girgiza ba.

Malamai, ba ku nake zargi ba, Allah ya sani. Akwai jajirtattu a cikinku da ke hawa babur da sassafe, su ratsa yashi da duwatsun Roni, su tsaya gaban aji mai cike maƙil, albashin kuma ba ya kai su ƙarshen wata. Irinku ne kuka riƙe abin da ya rage. Laifin na al'ummar da ta daina ɗaukar koyarwa aikin manya ne. Ƙasar Finland, wadda ake buga misali da makarantunta, tun ƙarshen shekarun 1970 ta wajabta wa malamin firamare digiri na biyu, kuma samun gurbin karatun koyarwa a can sai an yi takara mai zafi. Abin da Katsina ta gane a 1921 shi suka riƙe, mu muka saki.

Mun kuma ga shaida a kusa da mu cewa tsarin yana aiki. A 1977, lokacin muna cikin tsohuwar jihar Kano, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Jarrabawa ce ke shigar da yaro, ba sunan ubansa ba. Aka ba su wurin kwana, da kayan gwaji, aka nemo musu ƙwararrun malamai daga gida da waje. Likitoci da injiniyoyi da yawa da ke aiki a Kano da Jigawa a yau daga can suka fito, wasunsu 'ya'yan manoma ne daga ƙauyuka irin namu. An ɗauki abin da ke da kyau a tsarin Barewa, aka gyara kuskurenta na watsi da kimiyya.

Yankinmu ba matalauci ba ne wajen makarantu. A Kazaure akwai Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya, akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, akwai cibiyar koyon ilimin kwamfuta. Kwalejin Ilimi ta jiha tana Gumel, jami'ar jiha tana Kafin Hausa, ta tarayya tana Dutse. Iyayenmu na zamanin Midil ko a mafarki ba su ga wannan ba. Amma duk waɗannan manyan makarantu abin da firamare da sakandare suka miƙa musu shi suke karɓa. In yaro ya isa aji uku na ƙaramar sakandare bai iya karanta shafi guda ya faɗi abin da ya fahimta ba, babu jami'ar da za ta yi masa dabo.

Saboda haka ina da roƙo, kuma zan fara da ku iyaye. In 'yarku ko ɗanku mai ƙoƙari ya ce koyarwa yake so, kada ku karya masa gwiwa. Musamman 'ya'ya mata. A ƙauyukanmu na Gwiwa da Babura da 'Yankwashi, uwa takan fi sakin jiki ta bar 'yarta ta ci gaba da karatu in ta san akwai malama a makarantar, 'yar gari, wadda aka san gidansu. Malama guda tana iya riƙe 'yan mata da yawa a aji waɗanda da an cire su. Sannan ku riƙa leƙa makaranta. Ba sai kun iya boko ba. Ku tambayi hedimasta malamai nawa ne, nawa suka zo yau, wa ke koyar da lissafi. Da dare ku ce wa yaro ya karanta muku wani abu da Hausa da ƙarfi, ya bayyana muku abin da ya karanta. Kunnenku zai gaya muku gaskiya.

Shugabannin makarantu, akwai abin da Katsina ta yi da ba ya cin ko kwabo. Karatu da ƙarfi a gaban aji kowace rana, da Hausa da Ingilishi, ana gyarawa. Muhawara tsakanin ɗalibai. Manyan ɗalibai su riƙa zama da ƙanana suna bita, domin wanda ya koyar da abu ya fi riƙe shi, kuma a nan ne za ku gano yaron da Allah ya ba baiwar koyarwa. Tsohon malami ya shiga ajin sabon malami ya zauna a baya, bayan an tashi su tattauna cikin mutunci. A Katsina ba a sakin ɗalibi ya zama malami sai ya yi gwajin koyarwa ana kallonsa.

Masu unguwanni da dagatai da hakimai, Allah ya ƙara muku lafiya, malamin da aka turo ƙauye baƙonku ne. In ya sami ɗaki mai kyau da ɗan fegin noma, zai zauna, yara su gan shi a masallaci da kasuwa, ya san iyayensu. In bai samu ba, kullum yana hanya, ya iso a gajiye ya tafi da wuri, yana neman a mai da shi birni. Tsofaffin ɗalibai kuma, Barewa tana da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ta daɗe tana tallafa mata. In kun tashi taimakon makarantarku, fenti da ƙofar shiga suna da kyau, amma ku tambaya ko akwai malamin kimiyya. Ku ɗauki nauyin yaro ko yarinya mafi ƙwazo zuwa kwalejin ilimi, bisa yarjejeniyar za su dawo su koyar na wasu shekaru. Haka En'e ta yi da su Sardauna.

Hukuma kuma, a 2022 an sa hannu kan dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Wannan zai riƙe gogaggu. Saura abin da zai jawo haziƙan matasa su shigo tun farko: albashin da mutum zai iya riƙe gida da shi, ƙarin girma a kan lokaci, alawus na musamman ga mai koyarwa a karkara, da ɗaukar malami bisa jarrabawa ba bisa takardar wani babba ba.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tsaya a kan makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, mu ji yadda aka tsara su da yadda tsarin ya bazu zuwa Jigawa bayan an ƙirƙiro jihar a 1991.

(Kiɗan rufe shiri)